Labaran Auta a Shagon Kitso

Akwai wata mai kitso da Allah ya ba ta hannu, ya kuma ba ta baki. Mata suna cika shagonta don kitso, amma a gaskiya rabinsu dariya ce ke kawo su. Da ta saka kan mace tsakanin gwiwoyinta ta ɗauki tsinken tsaga, sai ta ce, "Ku tsaya ku ji abin da Auta ta yi jiya."

Auta 'yarta ce. Duk abin da yarinyar ta yi a cikin gida, sai ya fito shago. Ranar da ta yi fitsarin kwance, an ji. Ranar da ta tambayi ta ina jarirai ke fitowa, an ji, har da kwaikwayon muryarta. In ta dawo daga makaranta sai mata su kwashe da dariya, ita kuma ta sunkuyar da kai ta shige ciki.

"Kun ga sarkin kunya!" in ji uwar. Ba da mugunta take yi ba. Son 'yar ne ya hana bakinta rufuwa.

Da Auta ta fara tasawa, sai hira tsakaninta da uwar ta ƙafe. "Yaya makaranta?" "Lafiya." Shi ke nan. Uwar ta ɗauka miskilancin 'yanmata ne.

Wata rana malamar ajin su Auta ta zo kitso. Duk sanda layi ya zo kanta, sai ta ce a yi wa ta bayanta. Sai da shagon ya watse ta zauna, ta yi ƙasa da murya.

"Maman Auta, 'yarki ta fara al'ada, watanni ke nan. A bayin makaranta na same ta tana kuka, ta yayyage tsohon ɗankwali tana amfani da shi. Ni nake saya mata auduga."

Tsinken ya tsaya a hannun mai kitso. "Ni fa? Ina raye? Me ya hana ta faɗa min?"

"Na tambaye ta. Cewa ta yi, in Umma ta ji da safe, kafin azahar duk masu zuwa kitso sun ji."

Kunya ta lulluɓe mai kitso, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa matar nan ta yini tana ba da layinta. Baƙuwa ta iya rufa wa Auta asiri, ita da ta haife ta ba ta iya ba.

Ta ƙarasa kitson, ta shiga ciki. Auta tana zaune bakin gado tana ninke kayan makaranta.

"Auta, malamarku ta faɗa min. Na yi miki laifi, ki yafe min."

Yarinyar ba ta kalle ta ba. Ƙofar shago ta kalla.

"Umma, su wa da wa suka ji?"

"Wallahi ba kowa."

Auta ta ci gaba da ninkinta. A hankali ta ce, "Tukuna dai."

Darasi: Sirrin yaro amana ce, ba kayan hira ba. Abin da ke ba manya dariya yau, shi zai hana shi zuwa wurinki ranar da ya fi buƙatar ki. Ku tura wa iyaye 'yan'uwanku, musamman mu masu daɗin baki.