Magatakardan Da Ya Binne Fayil Ɗin Ɗansa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, magatakarda a wata kotu, shekara ashirin da biyu makullin ɗakin fayil yana aljihunsa. Ɗakin nan ya cika ya batse. Kantoci sun lanƙwashe, takardu sun toshe taga, alƙali ɗaya, shari'u dubbai. Mutum zai kawo ƙara da baƙin gashi, ya zo jin hukunci da furfura.

Cikin wannan cunkoso ya samo hanyar cin abinci. Duk mai son wata shari'a ta kwanta, sai ya aiko masa da lambar ƙara a guntuwar takarda, da ɗan abin hasafi. Ba ya yaga fayil, ba ya ƙonawa, wai shi mai tsoron Allah. Zare takardun yake yi, ya cusa su cikin bangon wata tsohuwar shari'a, ya mayar kan kanta. Ko suna ba ya dubawa. Cewa yake, "Ni lamba na sani, ina ruwana da mai ita?"

Babban ɗansa direban tirela ne, yakan yi sati uku ba a gan shi ba. Rannan sai ga matar ɗan a bakin ofis, da goyo, ido ya kumbura.

"Baba, ashe ɗanka yana gidan yari. Mai kaya ya ce ya sace masa kaya. An ce ba za a ji maganar beli ba sai an kawo fayil, fayil kuma ya ɓata."

Ya buɗe rajista, ya bi sunan ɗansa da yatsa har zuwa lamba. Ya san lambar. Da hannunsa ya binne ta, tare da wasu guda shida a rana ɗaya.

To a wane bango? Bai taɓa rubutawa ba, don kada a samu shaida a kansa.

Ya shiga ɗakin yana sauke fayil. Bango ya ce rikicin gona, ciki kisan kai. Bango ya ce gado, ciki wani da aka tsare shekara tara kan akuya. Wanne ya duba? Wanne bai duba ba? Na hagu ne ko na dama? Kwana goma sha ɗaya yana birkita takardu, kullum ƙara rikicewa yake yi, har ya fara kiran ɗansa da sunan wasu fursunoni.

Da abin ya ishe shi, ya durƙusa gaban alƙali ya faɗi komai, ya roƙi a ba shi mataimaka. Alƙali ya karɓe makulli, aka kore shi, aka rufe ɗakin don bincike. Aka ce a sake haɗa wa ɗansa fayil, ya bi layi kamar kowa. Shekara ta huɗu ke nan ɗan yana tsare. Idan uban ya je ziyara, ɗan ba ya fitowa.

Ya 'yan uwa, duk takardar da ta zo teburinka, akwai mutum a bayanta yana jira, akwai uwar da ta kasa cin abinci. Kada ka ce ba ka kashe kowa ba, jinkiri kawai ka yi. Jinkirin da aka saya zalunci ne, kuma za a tambaye ka kowane yini da wani ya yi a kulle saboda kai.

Allah ya kiyaye mu da danne haƙƙin wanda ba mu ko san fuskarsa ba. Amin.