Gwangwanin Shayin Ta'aziyya

Akwai wani dattijo mai suna Clarrie Pengilly da ke da ƙaramin kantin abinci a unguwarmu ta Port Adelaide, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani ganyen shayi, sukari da man shanu duk an ƙayyade su, sai da tikitin rabo ake saye.

Clarrie ya ajiye wani gwangwani kusa da sikelinsa. Duk matar da ta karɓi rabonta takan zuba cokali guda na ganyen shayi a ciki. Idan labarin rasuwar soja ya iso wani gida, da wannan ganyen ake dafa wa masu ta'aziyya shayi, domin a wurinmu abin kunya ne baƙo ya tashi bai sha shayi ba.

Mace ɗaya ce ba ta zubawa, wato Myrtle Dunstan, wadda ɗanta Lyall ke fagen daga a New Guinea.

"Maman Lyall, ko rabin cokali?" in ji Clarrie.

"Baba Clarrie, rufe gwangwanin makokinka. Ɗana ba mutuwa ya tafi yi ba."

Matan da ke layi suka riƙa cewa, "Wannan ai ko ɗaurayen butarta ba za ka samu ba!"

Wata safiya faston coci ya ƙwanƙwasa ƙofar Myrtle da labarin rasuwar Lyall.

Matan suka tare Clarrie. "Ba da ganyenmu ba! Ta shayar da baƙinta girman kai."

Clarrie ya rufe kanti, ya ɗauki gwangwanin, ya je gidan Myrtle, ya same ta tsaye a kicin, gida cike da mutane.

"Ban taɓa zuba ko ƙwaya ba," ta ce.

"Ganyen ya gauraye tuntuni, 'yata, ban san na wane da wane ba. Ɗora ruwa."

Da aka share makoki, Myrtle ta shigo kanti rungume da wata kwalba cike da ganyen shayi.

"Tun tafiyar Lyall ruwan zafi kawai nake sha. Rabona na ganyen nake tara masa, ya sha ya ƙoshi ranar da ya dawo. Ranar makokin hannuna ya kasa buɗe ta."

Ta juye kwalbar har gwangwanin ya tumbatsa. Matan suka sunkuyar da kai, ɗayarsu ta durƙusa tana tsince abin da ya zube.

Darasi: Kada ka hana mutum alheri ranar kukansa don ya hana ka jiya, domin ba ka san abin da yake tanadi a zuci ba. Ina roƙonku ku tura wa wasu, ko wani ya sassauta hukuncinsa a kan maƙwabcinsa.