Aninin Da Tela Ya Gyara

Akwai wani mutum, tela, wanda aka haife shi da ƙafar hagu a karkace, tafin yana duban ciki. Tun yana yaro ya tsani ƙafar nan. Da ya koyi ɗinki, abin da ya fara ɗinka wa kansa shi ne wando mai tsawo har yana sharar ƙasa, don kada kowa ya gani. In ya je sujada, sai ya bari an fara waƙa, kowa ya dubi gaba, sa'an nan ya sulale ya zauna a bencin baya. Kafin a ce Amin na ƙarshe kuwa ya riga ya kama hanyar gida. A ɗinki kam babu na biyunsa a garin, amma fa idonsa ba ya haƙuri da karkataccen abu. Layi ya kauce ko da kamar ƙwayar gero ne, sai ya farke rigar duka, mai riga yana tsaye yana roƙonsa ya bar ta haka.

Wata rana wani tsoho, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare, ya kawo masa baƙin yadi mai kauri. Ya ce a ɗinka masa ƙananan aljihu a jikinsa, jeri jeri, kowanne daidai shigar yatsa biyu.

Tela ya ce, "Na mene ne, Baba?"

Tsohon ya kwance wani ƙulli, ya baza a kan teburin ɗinki. Tsofaffin kuɗi ne na ƙarfe, irin waɗanda aka daina karɓa tun da daɗewa: anini da kwabo masu huda a tsakiya, da taro, da sisi, da sule. Ya ce, "Ba na kashewa ba ne, ɗana. Tarawa nake yi. Kowanne yana bukatar ɗakinsa."

To, ka san zuciya da abin da take so. Telan nan da bai taɓa sha'awar kome ba sai allura da almakashi, sai ga shi kowace Asabar da la'asar yana ɗingisawa zuwa zauren tsohon. Tsohon ya koya masa ya riƙe kuɗi ta gefe, kada ya ɗora yatsa a fuskarsa. Ya koya masa karanta shekarar da aka buga shi, da duban rubutu ta cikin wani gilashi mai ƙara girman abu. Tela ya fara samun nasa ɗaya biyu wurin tsofaffin mata a kasuwa. Yana jin daɗin zauren ƙwarai, gama a can ba wanda yake duban ƙasa, kowa idonsa yana kan tafin hannu.

Ran nan da za su rabu, tsohon ya ce, "Asabar mai zuwa zan fara nuna maka kuskuren bugu, wato lahanin da kuɗi yakan fito da shi tun daga gidan da aka buga shi. In kana da wani tsohon kuɗi a gida, ka kawo shi yadda yake. Ka ji ko? Yadda yake."

Tela kuwa yana da guda ɗaya da bai taɓa nuna wa kowa ba. Aninin mahaifiyarsa ne. Tun da ya yi wayo yake ganinsa a wuyanta, a ɗaure da baƙin zare, har ranar da ta rasu yayarsa ta kwance shi ta danƙa masa. Shi kaɗai ne abin da ya rage masa na mahaifiyarsa, sauran tarkacen duk an rabar. Sai dai aninin nan hudarsa ba a tsakiya take ba. Ta kauce gefe guda, har ta ci wani sashi na tauraron da ke jikinsa. Ga shi ya yi baƙi don tsufa.

Ya ɗauko shi ya juya, ya sāke juyawa, ransa ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa, "Ranar da za a yi maganar lahani, ran nan ne zan kai wa Baba karkataccen abu? Ni karkatacce, kuɗin uwata karkatacce, sai a ce gado ne." Kunya ta rufe shi tun ba wanda ya ce masa kome.

Sai ya aro magagari, abin gugar ƙarfe, wurin maƙerin da ke maƙwabtaka da shagonsa. Ya zauna, ya matse aninin, ya yi ta gugar hudar ta ɗaya gefen, yana aunawa da idon tela, har ramin ya faɗaɗa ya zo tsakiya daidai. Ya kwaɓa toka da lemun tsami ya dirje shi, ya fito fari tas yana ƙyalli. Ya ɗaga shi ga haske, ya yi murmushi, ya ce yanzu kam ya zama na shiga mutane. Ƙurar ƙarfen da ta zuba a kan tebur kuwa ya hure ta, ta bi iska.

Ran Asabar tsohon ya shimfiɗa baƙin yadin nan da telan ya ɗinka da hannunsa. Ya wuce jerin masu kyau duka, ya kai hannu jeri na sama, inda yake ajiye waɗanda ya fi ji da su. Ya zaro wani kwabo wanda aka buga sau biyu, rubutunsa yana da inuwa. Ya zaro wani sisi da gefensa ya fito a gutsure tun daga injin bugu.

Ya ce, "Duba da kyau. Wanda ya lalace a hannun mutane, za ka ga tabon guduma, ko ƙarzar dutse, ko sawun magagari. Wannan rauni ne, ba wanda yake nemansa. Amma wanda ya fito haka daga gidan bugu, bakin lahanin sumul yake, tsufansa ɗaya da sauran jikin. Ana buga dubban dubbai iri ɗaya, ba ka iya bambanta wannan da wancan. Shi kuwa ba shi da ɗan'uwa a duniya. Su ne muke nema ido rufe."

Tela ya bi jerin da ido. Ya lura aljihu na ƙarshe a jerin ba kome a ciki, ya tambaya da ƙyar.

Tsohon ya ce, "Wannan ɗakin anini ne mai huda a gefe. Na taɓa ganin guda ina saurayi, a hannun wata mai fura a tasha, kafin in juyo jirgi ya tashi. Tun ran nan nake nema. Ba lalle sai na mallaka ba, in dai sāke ganinsa kafin in mutu." Ya miƙa hannu. "To, kawo naka mu gani."

Da ƙasa za ta tsage da tela ya shige. Ya zaro aninin ya miƙa masa. Tsohon ya karɓa ta gefe, ya sa gilashi, ya duba da kyau. Ya ga rabin bakin hudar sumul, na asali. Ya ga ɗaya rabin da sawun magagari, sabo fil.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Baba. Gyara shi na yi." Sai ya tambaya, "Ba yadda za a mayar da shi?"

Tsohon ya girgiza kai. "Abin da magagari ya ci ya tafi, ɗana." Bai yi masa faɗa ba, ya dai mayar masa da aninin, ya naɗe yadinsa a hankali, aljihun nan yana nan wayam.

Bayan 'yan kwanaki yayarsa ta zo daga ƙauye ta gaishe shi. Ta ga aninin a kan tebur, ta ɗauka, ba ta gane shi ba sai da ta ga baƙin zaren. Da ya gaya mata abin da ya yi, ta zauna a bakin benci, hawaye suka cika mata ido.

Ta ce, "Auta, ba ka san labarinsa ba, ko? Makon da aka haife ka, mata suna shigowa barka, su buɗe zane su ga ƙafarka, su yi shiru, su fita suna raɗa. A cikin kwanon kuɗin barka aka sami aninin nan, wata ma ta ce a yar da shi, ba zai karɓu ba. Inna ta ce a ba ta. Ta ce, 'Duk gidan nan ba mai irin ɗana, duk kwanon nan ba mai irin wannan. Ni ina son su haka.' Shi ya sa ta rataya shi har ta mutu. Kai take ɗauke da shi a wuyanta, Auta."

Tela ya miƙa hannu ya karɓa. Ya dubi aninin, hudarsa a tsakiya daidai, fari, yana ƙyalli, ba abin da ya raba shi da sauran aninai. Ya dubi bakin wandonsa da ya sha ƙasa har ya yage. Ya kifa kansa a kan keken ɗinki ya yi kuka mai zafi, gama maganar da uwarsa ta bar masa, shi da hannunsa ya goge ta kafin ya ji ta.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ku buɗe kunne.

Aninin shi ne ni da kai, kamar yadda muka fito daga hannun Mahaliccinmu. Magagari kuwa kunyar idon mutane ce. Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce Allah yana kuskure, faufau. Injin mutane ne yake kaucewa. Amma in abin da inji ya kauce da shi ya isa tsoho ya ƙare ransa yana nema, balle fa abin da Ubangiji ya siffanta da nufi, yana sane, ya kuma ce yana so?

Akwai mai i'ina a cikinmu da ya daina addu'a a fili don an taɓa yi masa dariya. Akwai wadda ta ƙone fatarta da mai, wai ta gyara launin da aka ba ta. Akwai iyayen da suke dukan hannun bahagon ɗansu, da waɗanda suke kulle gurguwar 'yarsu a ɗaki in baƙi sun zo. Ku ma kun aro magagari. Kuna gugar abin da ba ku san darajarsa ba, kuna cewa gyara kuke yi.

Amma kada mai zafin rai da maƙaryaci su yi murna, su ce, "Ai mu ma haka aka yi mu." A'a, naku tabon guduma ne, da hannunku kuka yi shi, maganinsa tuba. Ku koyi abin da tsohon ya koyar: ku bambanta abin da ya fito daga wurin Mai yi da abin da ya lalace a hannunmu. Abin baƙin ciki shi ne mukan juya su, mu rungumi zunubinmu muna lallashi, mu sa wa kyautar Allah magagari.

Allah mai gafara ne, telan ma ƙofa ba ta rufe masa ba. Amma aninin bai koma yadda yake ba, tsohon kuma ya mutu aljihunsa wayam. Saboda haka in akwai yaro a gidanka da kake ta guga don ya zama kamar 'ya'yan maƙwabta, ka ajiye magagarin nan yau, tun ƙurar ba ta bi iska ba.