Wutar Tolliver da Audugar Kwaleji

Malaminmu, Allah ya haskaka makwancinsa, kogin ilimi ne, mai taƙawa da zuhudu, wanda ya san Littafi Mai Tsarki ciki da bai. An haife shi bawan wani mutum a jihar Jojiya, ya rasu bai da ubangida sai Allah. Shi ya kafa kwalejinmu ta Baftis bayan an 'yanta mu, kuma kada kowa ya zaci wani ƙaton gini: ɗaki ɗaya ne na katako da aka ɗora bisa ƙafafun bulo, iyayenmu suka kafa shi da hannunsu domin 'ya'yansu su zama fastoci da malamai.

Mai dafa wa ɗalibai abinci a lokacin ita ce Mahala, mace mai kaifin harshe wadda ba ta yarda da abin da hannunta bai taɓa ba. A zamanin kowane gida na ikkilisiya yakan ware kunya ɗaya a gonar audugarsa, a kira ta kunyar Ubangiji, abin da aka tsinta a kai wa kwaleji. Wata shekara Mista Tolliver, Baturen da ke da injin gurzar auduga kuma gonarsa ke maƙwabtaka da mu, ya ce ba zai gurza audugar makarantar baƙar fata ba. Sai Dikon Silas, mataimakin fasto a ikkilisiya, ya sa aka cusa ta duka a ƙarƙashin ɗakin, wai don kada ruwa ya taɓa ta.

"Dikon," in ji Mahala, "yaran mutane za ka zaunar a kan murhu?"

"Haba 'yar'uwa, tsaya kan tukunyarki."

Ruwan da yake tsoro bai zo ba. Fari aka yi, ciyawa ta bushe ƙayau. Wata rana da hantsi, iska na kaɗowa daga gonarsa zuwa wajenmu, Tolliver ya cinna wa saurarsa wuta. Kowa na ƙona saura, amma ba mai yi a rana irin wannan sai da nufi.

Mahala ta fara jin ƙaurin. Da ta fito, wutar ta fi mutum tsayi, tana ruri, zomaye na tsere ta tsakanin ƙafafunta. Tartsatsi guda in ya shiga ƙarƙashin ɗakin nan, shi ke nan, kuma ta sani sarai babu mai barinmu mu sake gina wani.

"Ku fito! Bokiti! Dikon, da surutunka ruwa ne da tuni mun kashe ta, kama igiyar rijiya!"

Gugan ya fito da laka. Ɗalibai suka rarrafa suna jan auduga, iska na watsa ta, ta zama abincin wuta a fili. Har toka mai zafi ta fara sauka a kan rufin.

Sai ga Malam ya sauko daga matakala a natse, ya nufi shingen da ke tsakaninmu da gonar Tolliver.

"Malam, ka koma! Wannan ba lokacin wa'azi ba ne!"

"Mahala," ya ce, "ajiye bokitin nan a cike. Za a buƙace shi."

Ya durƙusa dab da shingen, inda zafi ya hana kowa matsawa, ya sunkuyar da kai. Ba ta ji abin da ya faɗa ba. Abin da ta gani shi ne gefen rigarsa na hayaƙi, ta rufe ido tana jiran ihu. Sai ta ji ɗankwalinta, da iska ke turawa baya, ya faɗo mata a fuska. Iska ta juya. Wutar ta tsaya cak kamar an ja mata linzami, ta kwanta, ta koma inda ta fito, ta nufi rumbun Tolliver.

Dikon Silas ya daka tsalle. "Ya ci gidansu!"

Malam ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Ku ɗauki bokitai, akwai rafi bayan gidansa. Akwai yara a cikin gidan."

Mahala ta dube shi kamar ta yi kuka don haushi, amma ita ce a gaba, da bokitinta a cike. Rumbun ya ƙone, gidan ya tsira. Tolliver bai gode ba har ya mutu, sai dai bai ƙara ƙyasta ashana a ɓangarenmu ba.

Kafin rana ta faɗi Mahala ta sa Dikon ya kwashe sauran audugar da bayansa zuwa nesa da ɗakin. Duk kaka kuma takan sa a yi huɗa kewaye da kwaleji, tana cewa, "Allah ya juya mana iska sau ɗaya. Ba zan sa Malam ya sake ƙona riga saboda wautarmu ba."

Tsarki ya tabbata ga Mai iska da wuta, wanda ke jin muryar bayinsa salihai. Ya Ubangiji, ka ƙara wa Malaminmu daraja, ka tsare ɗakin da ya durƙusa dominsa, ka sa albarkarsa ta bi jikokinmu. Amin.