Auta da Maɓallan Shagon Yaya

Akwai wata mai ɗinki da ke da ɗan shago a bakin titi, ita da ƙanenta da kowa ke kira Auta. Auta ya kai mutum, har da gemunsa, amma an haife shi da lalurar da ta sa magana da fahimtarsa ke tafiya a hankali. Ba ya son ƙara, ba ya son a taɓa shi babu shiri. Tun da mahaifiyarsu ta rasu, yayar tasa ce uwa, ita ce uba.

Aikinsa a shagon shi ne ware maɓallai. Yana da gwangwanaye a jere a ƙarƙashin teburin yanka, ja daban, shuɗi daban, fari daban. Ko Yaya ba ta isa ta haɗa masa su ba.

Yaya mace ce mai haƙuri, amma fa akwai taurin kai. Wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa sa mata lambar masu kai ɗauki ga irin su Auta idan hankalinsu ya tashi. Lambar na nan a wayarta, ba ta taɓa kira ba. Cewa take, "Ƙanena ne. Ba zan tara wa kaina baƙi su zo suna kallonmu ba."

Shi kuwa kawunsu ya riga ya yanke magana. Tun ranar da Auta ya ture wani mai kawo ɗinki, Kawu ya ce, "In aka sake, da kaina zan kai shi inda ake tsare irinsu. Kin gaji, ke ce dai ba ki sani ba." Wannan maganar ce ke hana Yaya sakewa kullum.

Wata safiya masu gyaran hanya suka kafa injin fasa titi daidai ƙofar shagon. Da injin ya tashi, har keken ɗinki sai da ya yi rawa. Auta ya toshe kunnuwa, ya miƙe a firgice, ya yi fatali da gwangwanayen, maɓallai suka watse ko'ina. Sai ya koma lungu yana buga goshinsa da bango.

Yaya ta yi abin da zuciyarta ta ba ta. Ta rungume shi ta baya tana ta magana: "Auta, ni ce! Kalle ni! Yi shiru!" Tana ƙara riƙe shi, yana ƙara fizgewa, har ya buge mata leɓe da gwiwar hannu.

Kun dai san halinmu. Kafin ka ce me, ƙofar shago ta cika, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a watsa masa ruwa, wancan ya ce a danne shi. Mai faci na kusa har ya taho da igiya, wai taimako ya kawo. Wani kuma ya riga ya kira Kawu.

Ganin igiyar nan ne ya karya taurin kan Yaya. Nan take ta kira lambar.

Ba a jima ba wata mata ta iso, babu jiniya, babu kayan asibiti. Ba ta ma fara ta kan Auta ba. Wajen masu injin ta nufa, ta roƙe su su kashe na ɗan lokaci. Sannan ta dubi taron ta ce, "Mun gode. Taimakon da za ku yi masa yanzu shi ne ku ba shi wuri." Mai faci ya ɓoye igiyarsa a baya, ya sulale.

Ta shigo ta ce da Yaya a hankali, "Sake shi, 'yar'uwa."

"Malama, zai ji wa kansa ciwo."

"Ɗauko matashin kujerar can ki sa tsakanin kansa da bango. Amma ki sake shi, kuma ki daina magana. Yanzu ko muryarki ƙara ce a kunnensa."

Maganar ta yi wa Yaya zafi, wallahi, amma ta sake shi.

"Me ya fi so a duniya?" matar ta tambaya cikin raɗa.

Yaya ta nuna ƙasa. Matar ta zauna dirshan nesa da shi, ba ta ko kalle shi ba, ta jawo gwangwani ta fara tsintar shuɗayen maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar faɗawarsu. Bugun kan ya ragu. Can sai ta ɗauki ja, ta jefa cikin shuɗaye da gangan.

Auta ya tsaya. Ya matso yana haki, ya sa yatsu ya ciro jan, ya harare ta.

"A'a," ya ce.

"Yi haƙuri, ban iya ba. Nuna mini."

Ya zauna ya karɓe aikinsa.

A haka Kawu ya same su, ya bar mota a kunne a waje. Ya dubi leɓen Yaya, ya dubi goshin Auta da ya kumbura, ya ce, "Haɗa masa kayansa."

Matar ta miƙe ta gaishe shi. "Baba, shawara taku ce. Amma ba mugunta ya yi ba, ƙara ce ta fi ƙarfinsa. Muna da masu zuwa su zauna da shi don yayarsa ta huta, kuma za mu koya wa duk mai so yadda ake yi in abin ya taso."

Kawu ya ce, "Ita ɗin? Ai ba ta karɓar taimakon kowa. Ni ma nan ta hana ni."

Yaya ta juyo wajen Kawu. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba.

"Kawu, na gaji. Ni kaɗai ba zan iya ba. Amma don Allah kar ka raba ni da shi. Ka taya ni."

Kawu ya juya ya fita. Yaya ta ɗauka tafiyarsa zai yi. Sai ta ji motar ta mutu. Ya dawo, ya cire takalmansa, ya zauna a ƙasa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya dubi matar.

"To, Malama, fara da ni. Daga ina ake somawa?"

Darasi: Wanda hankalinsa ya tashi saboda lalura ba igiya yake buƙata ba, natsuwa yake buƙata da wanda ya san abin yi. Kuma mai kula da shi ma mutum ne. Cewa "na gaji, ku taya ni" ba abin kunya ba ne. Ku nemi lambar masu irin wannan aiki a inda kuke tun kafin ranar ta zo, ku kuma tura labarin nan ga duk wanda kuka san yana ɗauke da irin wannan nauyi shi kaɗai.