Kurege da Firizar Iya Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

Wai a wani gari akwai Kurege, makwaɗaici, ga bakin tsiya. Akwai kuma tsohuwa Iya Bushiya, wadda ɗanta ya aiko wa da ƙatuwar firiza mai aiki da hasken rana.

Da rani tumatir ya yi araha, har awaki suka daina kallonsa. Matan gari sai su saya, su markaɗa, su ƙulla a leda, da tattasai da alayyafo da mangwaro, su kai wa Iya ajiya. Kowace takan yagi ƙyalle daga zanenta ta ɗaure nata, don kada a haɗa.

Tabawa matar Kurege ta ce, "Maigida, mu ma mu ajiye mana. Da damina zan haihu, ka san lokacin tumatir sai mai hali."

Ya ce, "Ni in ci ƙanƙara? Ɗanye nake ci, daga lambu sai baki."

"Ai Iya ta ce amfaninsa na nan, sanyi ke tsare shi tun ranar da aka tsinko."

"Iya ta ce, Iya ta ce! Iya ce ta aure ki?"

Damina ta faɗi, tumatir ya yi ɓatan dabo. Kowane gida miya ja wur, gidan Kurege kuwa kuka lami. Ga haihuwa ta matso, ga surukai za su zo suna. Da me zai tare su?

Ranar kasuwa Iya na gyangyaɗi a rumfa, sai ɗan banzan Kuregen nan ya zagaya baya, ya gwigwiye wayar firizar, ya fece. Washegari ya dawo da sallama.

"Iya, lafiya na ji na'urarki shiru?"

Aka buɗe, kaya sun fara laushi. Mata suka taru suna salati. Wata ta ce a dafa yanzu a raba.

Kurege ya dafe ƙirji. "A dafa? Guba ce! A birni na ga gida guda ya ƙare kaf a kan irin wannan. Ku kawo in zubar muku a rafi, ko da zan mutu."

Ƙarya tsagwaronta, amma wa ya taɓa zuwa birni? Suka yi ta sa masa albarka.

Ya yi ta jida, ya yi ta jida, ba rafi ba, rumbunsa. Ya jibge a kan gero, ya yaɓe baki da laka. Ya ce, "Rumbun da ya riƙe gero shekara, tumatir ne zai gagare shi?"

Kayya! Ba a jima ba wari ya tashi. Maƙwabta suka zo suna toshe hanci.

Ya ce, "Gubarku ce ta maƙale mini a gashi tun ranar nan."

Suka ji kunya, har da ba shi sabulu.

Tabawa ta haihu, namiji. Ana gobe suna Kurege ya fasa rumbu yana murmushi. Baƙin ruwa ya kwararo, da tsutsa. Tumatir ya ruɓe, ya jiƙa gero, geron ma ya ruɓe. Abincin shekara ke nan.

Tabawa ta fito da ƙyar, ta duƙa, ta tsamo wani shuɗin ƙyalle.

"Ka gane wannan?"

Ya gane. Daga zanen da ya sa mata a lefe ne.

Ta ce, "Awarwarona na sayar, na sayi tumatir na ajiye wurin Iya a ɓoye don kada ka ji kunya ran suna. Naka ne halal, da ka tambaya. Ka sace shi, ka haɗa da na marayu, ka ruɓar. Wallahi na gaji da kai."

Ta goya ɗanta ta tafi gidan ubanta. Can aka yi suna. Shi kuwa yana zaune gindin rumbu yana korar ƙuda, sunan ɗansa ma a bakin maƙwabta ya ji shi.

Kurunkus! In za ku saci kayan sanyi, ku fara satar firizar. Ku tashi haka nan, ni ma miyata ta huce.