Rigar Kwat Ɗin Mai Ƙamshi

Akwai wani mutum da abokansa ke kira Mai Ƙamshi, saboda kafin ka gan shi turarensa ya riga ya gaishe ka. Yana da mota, yana da girman kai, kuma na biyun ya fi ta farkon girma.

Wata rana abokinsa Dogo ya samu kiran ganawar neman aiki. Ya daɗe yana zaman kashe wando, matarsa ga ciki, shi kuma ba shi da rigar da zai shiga ofis da ita. Sai shi da Makaniki, abokinsu na uku, suka roƙi Mai Ƙamshi ya kai su babbar kasuwar gwanjo da ke wani gari mai nisa.

Tun a hanya ya fara yatsina. "Ni fa direba ne kawai yau. Allah ya kiyaye in sa kayan da wani ya gama zufa a ciki."

Makaniki ya ce, "To ka tuƙa mu da hannu, bakin nan ka ba shi hutu."

Sun isa daidai ana yanke igiyar sabuwar dila, wato ƙunshin kayan gwanjo. Warin ajiya da na maganin asu ya taso, Mai Ƙamshi ya toshe hanci da hankici yana tofar da yawu. Dogo kuwa ya durƙusa yana tono, har Allah ya ba shi wata rigar kwat baƙa, sumul, kamar don shi aka ɗinka.

Jama'a, nan ne abin ƙyamar ya faru, kuma ba daga dilar ya fito ba. Mai Ƙamshi ya sauke hankici, ya fizge rigar daga hannun Dogo.

"Wannan ta fi ƙarfinka." Ya juya ga dattijon mai gwanjon. "Baba, na ninka maka kuɗinta."

Dogo ya ce, "Haba abokina, ka san abin da ya kawo ni."

Ko kallonsa bai yi ba.

Mai gwanjon ya miƙa wa Mai Ƙamshi leda yana cewa, "Ɗana, ka jiƙa ta a ruwan zafi, ka shanya a rana kafin ka sa."

Dogo ya haɗiye takaicinsa, ya zaɓi wata ruwan toka mai ɓallallen maɓalli. Matarsa ta wanke ta, ta ɗinke, ta goge tsaf.

Shi kuwa Mai Ƙamshi, ina zai shanya riga a igiya maƙwabta su gane gwanjo ce? Sai ya feshe ta da turare, ya cusa ta a tsakiyar kayansa masu tsada.

Ashe kuɗin cizo ne danƙare a cikin shafin rigar. Kafin a ankara sun mamaye durowa, sun bi katifa, sun shiga kujerun falo. Yara suka kwana susa, zanin gado duk ɗigon jini, ɗakin na wani irin ƙarni da turare ya kasa rufewa.

Dole aka fito da komai ƙofar gida ana feshi, unguwa ta taru tana kallo. Matar Mai Ƙamshi ta ɗago rigar da tsinken itace, ta ce da ƙarfi, "Ga gwanjon da ka ɓoye nan!"

Ana cikin haka Dogo ya biyo, ya taso daga sabon wurin aikinsa. Ya tarar da Mai Ƙamshi daga shi sai singileti, yana sosa wuya, ga taro yana jiransa a ofis washegari da safe, ga kayansa duk sharkaf da magani.

Dogo ya cire rigarsa ruwan toka ya miƙa masa.

"Ungo, ka sa gobe. Gwanjo ce fa, amma wankakkiya."

Darasi: Tsohuwar riga ruwan zafi na tsarkake ta, amma son kai da ƙarya babu turaren da ke ɓoye warinsu. Kada ka ƙwace abin da ɗan'uwanka ke tsananin buƙata don kawai ka fi shi hali. Ku tura wa abokan tafiyarku, wataƙila akwai Mai Ƙamshi a cikinsu.